Bulala ko Lallashi: Me Ake Jayayya a Kai Game da Horar da Doki?

Ranar 23 ga Yulin 2024, saura kwana uku a buɗe gasar Olamfik ta birnin Faris, Charlotte Dujardin ta Birtaniya ta janye. Mace ce mai lambobin Olamfik shida, uku na zinare, duk a gasar takun doki da ake kira diresaj. Wani tsohon bidiyo ne ya tona ta. An gan ta tsaye a ƙasa tana zabga wa wani doki doguwar bulala a ƙafafu fiye da sau 20, ɗalibarta na kan dokin. A watan Disamba hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da ita shekara guda, ta kuma ci ta tarar faran dubu 10 na Siwizalan.

Nan take tsohuwar gardama ta sake tashi. Wasu suka ce duk wanda ya ɗauki bulala ko ya ɗaura ƙaimi azzalumi ne. Wasu suka ce masu wannan magana ba su taɓa tsayawa gaban ingarma mai kilo 500 da ya fusata ba. Kowane ɓangare ya jawo sunan gwaninsa. To wace hanya ce ta fi wajen horar da doki, kuma da me ake gane mai horo na ƙwarai? A ganina yawancin musun a kan sunayen hanyoyi ake yin sa, alhali ba a nan gizo yake saƙa ba.

Yadda doki yake koyo

Doki dabbar gudu ce. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi in ban da ɗan wuri a daidai goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. In ya tsorata, ƙafa yake fara ba wa iska kafin ya tsaya bincike. Ba ya kuma haɗa abin da ya yi ɗazu da abin da ya same shi yanzu, sai in tazarar ba ta wuce 'yan daƙiƙu ba. Wanda dokinsa ya kayar da shi a fili, ya bari sai da aka koma barga sannan ya rama da duka, bai koya masa komai game da kayarwa ba. Abin da ya koya masa shi ne barga wurin shan duka ce.

Masu nazarin halayyar dabbobi sun kasa hanyoyin koyarwa gida huɗu, amma biyu ne ke ɗauke da aikin. Ta farko matsi da saki: ka matsa wa doki da ƙafa, ko linzami, ko ragama, da ya yi abin da kake so ka sake shi. Ta biyu lada: ya yi daidai, ka ba shi abin da yake so, abinci ko susa a gindin geza. Sauran biyun hukunci ne, ko dai ka ɗora masa zafi bayan ya yi abin da ba ka so, ko ka janye masa abin da yake so.

Ga wurin da mutane da yawa suke kuskure. A hanyar matsi da saki, sakin ne malami. Ka ja linzami, doki ya tsaya, ka sassauta hannu a wannan daƙiƙar: ya gane tsayuwa ce ke kawo sauƙi. Ka ja, ya tsaya, ka ci gaba da ja: ka gaya masa tsayuwa ba ta da amfani, sai ya nemi wata mafita, ya wage baki, ya girgiza kai, ko ya miƙe da ƙafafun baya. In kuwa ka sake shi a lokacin da ya miƙe, don tsoro ya kama ka, to ka koya masa miƙewa da hannunka. Da yawa daga dawakin da ake kira masu tutsu ko masu turjiya haka aka yi su, ba da gangan ba.

Kusan duk mai horon doki a duniya da wannan hanya yake aiki, daga makiyayin shanu a Amurka zuwa mahayin tsohuwar makarantar hawan doki ta birnin Biyana a Ostiriya. Bambancinsu ƙarfin matsin da suke farawa da shi, saurin da suke ƙara shi, da kuma ko hannunsu yana saki a kan lokaci.

Gardamar ta girmi kowa

Tun wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai suna Kikkuli daga ƙasar Mitanni ya bar wa Hittiyawa, mutanen wata tsohuwar daula a inda Turkiyya take yau, tsarin horar da dawakin keken yaƙi a rubuce kan allunan yumɓu, na tsawon kusan wata bakwai, rana bi rana. Bayan kusan shekara dubu, Zenofon, jarumin Girka, ya yi gargaɗi kada a taɓa doki cikin fushi. Ya ce abin da doki ya yi bisa tilas ba shi da kyan gani, kamar a sa mai rawa ya taka ana tsula masa bulala. In doki ya tsorata da wani abu, a cewarsa, ka taɓa abin da kanka, ka jawo shi kusa a hankali, don in ka doke shi zai ɗauka abin ne ya jawo masa zafin.

Amma Federico Grisone na Napoli, wanda littafinsa na 1550 ya zagaye fadojin Turai, har ɗaure kyanwa a bakin doguwar sanda ya ba da shawara a yi, a zura ta ƙarƙashin dokin da ya ƙi tafiya ta yakushe shi. Bayansa Antoine de Pluvinel na Faransa ya koma ga haƙuri da yabo. A 1858 John Rarey na Amurka ya je Ingila ya lallashi wani mugun ingarma mai suna Cruiser, duniya ta ɗauka. Dabararsa ita ce ya naɗe ƙafar gaba ɗaya ya ɗaure, ya kwantar da dokin ƙasa, ya yi ta shafa shi har ya daina fafutuka. A zamaninsa sunan wannan tausayi. Yau da za a ɗauki bidiyonsa, da ya sha zagi.

Masu cewa sun iya yaren doki

Hanyar da ta fi farin jini a shekaru 40 da suka wuce ita ce wadda masu ita ke kira horo bisa ɗabi'ar doki. Tushenta yammacin Amurka, wajen 'yan'uwa biyu, Tom da Bill Dorrance, da almajirin Tom, Ray Hunt. Sun taso ne a inda al'adar ita ce a kamo doki daga daji, a ɗaure, a ɗora sirdi, a hau ya yi ta tutsu har ya gaji. Su suka ce a sauƙaƙa wa doki abin da ake so, a wahalar masa da abin da ba a so, a ba shi lokaci ya gano da kansa. A kan wannan sun cancanci yabo, ba tantama. Dawaki masu yawa sun tsira daga wahala saboda su.

Waɗanda suka biyo baya suka mai da abin kasuwa. Pat Parelli ya tsara nasa zuwa wasanni bakwai da matakai, da sanda da igiya masu ɗauke da sunansa. Clinton Anderson ɗan Ostareliya ya yi suna da bidiyoyi, ana kuma sukarsa da cewa yana saurin ƙara matsi. Wanda ya fi su shahara Monty Roberts, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta gayyata fadar Windsor a 1989 ya nuna mata hanyarsa mai suna Join-Up.

Ga yadda ake yin ta. A saki doki cikin zagayayyen fili mai shinge, faɗinsa kamar mita 15. Mai horo ya tsaya a tsakiya, ya kafe shi da ido, ya wurga igiya ya kore shi, doki ya yi ta zagaye. Can sai ya karkato kunne ɗaya ciki, ya sunkuyar da kai, ya fara lasar baki. Sai mai horo ya juya masa kafaɗa ya kawar da ido. Dokin ya tako ya tsaya a bayansa, ya bi shi duk inda ya nufa ba igiya. Cikin rabin awa an ɗora sirdi, an hau. Duk wanda ya gani sai tsigar jikinsa ta tashi. Bayanin da ake bayarwa shi ne mai horon ya kwaikwayi babbar godiyar da ke shugabantar garke, doki ya karɓe shi a matsayin shugaba.

Masu bincike ba su musanta cewa abin yana aiki ba, bayanin ne ba su yarda da shi ba. A 2012 Cath Henshall ta Jami'ar Sidni ta cire mutum daga filin ta sa ƙaramar motar wasa mai rimot. Motar ta kori doki, in ya juyo gare ta ta tsaya. Wasu daga cikin dawakin suka koyi tahowa wurin motar har su taɓa ta. Mota ba ta da ido ba ta da kafaɗa, ba wanda zai ce ta yi kama da godiya. Kafin nan, a 2007, Konstanze Krüger a Jamus ta nuna cewa dawakin da ke bin mutum cikin filin, da aka sake su a makiyaya tare da 'yan'uwansu ba su bi shi ba. Masu lura da garken dawakin daji kuma sun ga ba doki ɗaya ke jan garke kullum ba, yau wannan ya fara tafiya a bi shi, gobe wancan.

Ashe dai matsi da saki ne, an yi masa sabuwar riga. Korar ita ce matsi, juya kafaɗa shi ne saki. Wannan bai sa hanyar ta zama mugunta ba. A hannun gwani, kora kaɗan ce, saki kuma kan kari. Haɗarin yana cikin labarin shugabancin. Wanda aka gaya wa dokinsa yana raina shi ne, in dokin ya ƙi juyowa, zai ci gaba da kora har dabbar ta jiƙe sharkaf, yana ganin tarbiyya yake yi. Kalmar raini ta cuci dawaki fiye da yadda ake zato, don ta kan mai da dabbar da ta rikice ko take jin ciwo ta zama mai laifi.

Haka batun linzami. Akwai masu ganin cire ƙarfe daga baki shi ne ƙarshen tausayi. Gaskiya ne linzami yana zama a kan dasashi, a gurbin da babu haƙori, wuri mai saurin jin zafi. Sai dai linzamin da ba shi da ƙarfe, a ƙashin hanci yake matsawa, in kuma yana da dogayen hannuwa yana ninka ƙarfin jan mahayi. Hannu mai nauyi ko da zare zai ji wa doki ciwo.

Masu horo da lada

Daga shekarun 1990 Alexandra Kurland ta shigo da wata dabara cikin harkar dawaki, wadda aka daɗe ana amfani da ita wajen horar da dabbobin ruwa da karnuka. Mai horo yana riƙe da ɗan abu mai ƙara ƙyas. Da doki ya yi daidai, ya danna, sannan ya ba shi loma. Ƙarar ita ke gaya wa doki ainihin motsin da ya jawo ladan. Binciken da Carol Sankey da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Rennes ta Faransa ya nuna dawakin da aka horar da lada sun fi son kusantar mutane, har bayan watanni.

Hanyar tana da kyau ƙwarai wajen abubuwan da doki ke tsoro, kamar allura, gyaran kofato da shiga motar ɗaukar dawaki. Masu suka suna cewa tana koya wa doki cizo da laluben aljihu. Tana koyarwa kuwa, in mai ita ya ba da loma a lokacin da doki ke tura masa baki. Kuskuren lokaci ne dai irin na mai linzami. Suka mafi ƙarfi ita ce ta kan titi: doki ya firgita da babbar mota ya ɗiba a guje, a lokacin ba ruwansa da abin da ke aljihunka. Dole ya zama ya san jan linzami yana nufin tsaya. Shi ya sa yawancin masu hankali a cikinsu suke haɗa biyun.

In gasa da kuɗi suka shigo

A makarantar hawa ta Biyana, wadda ta haura shekara 450, ingarmun jinsin Lipizza sukan fara karatu suna da shekara huɗu, su yi kamar shekara shida kafin a ce sun ƙware. Dawakin tsere kuwa suna shiga fili tun suna da shekara biyu, alhali ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙwari sai wajen shekara shida. Akwai likitocin da ke cewa motsa jiki da wuri, in an auna shi, yana ƙarfafa ƙashi, kuma suna da hujja. Amma ba likita ne ya tsara kalandar tsere ba.

A gasar taku rigimar ta daɗe a kan abin da Jamusawa ke kira Rollkur, wato a tanƙwara wuyan doki da linzami har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji. Masu yi suna cewa yana sassauta bayan doki. Masu ƙi suna cewa yana takura numfashi, yana hana doki ganin gabansa, kuma babu saki a cikinsa, tunda a haka ake riƙe shi yana ta aiki. A 2009 aka ɗauki bidiyon wani doki a Odense ta Denmak, harshensa a waje ya yi shuɗi, aka yi ca. A 2010 FEI ta haramta tanƙwarawa da ƙarfin tsiya, amma ta bar wata mai kama da ita in ba a tilasta ba kuma ba ta wuce minti goma a jere ba. Har yau ana musun inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Sai kuma ɗamarar hanci, da wasu ke ɗaurewa tam don doki ya kasa buɗe baki, alƙalai su ga kamar ya natsu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce yatsu biyu su shiga ƙarƙashinta. Da yake yatsun mutane ba ɗaya ba ne, a 2025 FEI ta fara amfani da ma'auni guda ga kowa.

Bulalar tsere ma ta sha bincike. A 2011 David Evans da Paul McGreevy suka auna tsere a Ostareliya, suka ga dawaki sun fi gudu a zangon da ba a dukan su, duka kuma ya fi yawa a mita 400 na ƙarshe, lokacin da suka gaji gudunsu na raguwa. Wato ana dukan doki a kan abin da ba shi da ikon gyarawa. Wani bincike na 2020 ya kwatanta fatar doki da ta mutum, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba a jijiyoyin jin zafi na saman fata. Ai dama dabbar da ke jin saukar ƙuda ta girgiza fata, ban san yadda aka yi aka yarda ba ta jin bulala ba. Norwe ta hana dukan doki don ƙara gudu tun 1982. Birtaniya ta rage a 2023 zuwa sau shida a tseren fili, sau bakwai a na tsallake. Mahaya suna cewa bulala na taimakawa wajen karkatar da doki don kada a yi karo, shi ya sa ko inda aka taƙaita duka ba a cika hana riƙe ta ba.

Wasa guda ma ya rasa dawakinsa ɗungurungum. A Olamfik ta Tokiyo, 2021, a gasar wasanni biyar, ana ba ɗan wasa dokin da bai sani ba da minti 20 kacal na sabawa. Wani doki mai suna Saint Boy ya turje, 'yar wasan Jamus tana kuka tana dukansa, kociyarta ta kai masa naushi. Bayan gasar Faris aka cire hawan doki daga wasan.

Dokin da ya yi shiru

Wannan ne ya fi damuna. A 1967 Martin Seligman ya nuna cewa dabbar da ake wa azabar da ba ta da hanyar kauce mata, daga baya ko an buɗe mata ƙofa ba ta motsi. Ta koyi cewa ƙoƙari banza ne. Masana halayyar doki suna fargabar haka na faruwa da dawakin da aka ɗaure kusa da abin tsoro har suka daina fizga, ko aka kwantar da su da ƙarfi, ko aka hau su shekaru da hannun da ba ya saki. Irin wannan doki ana yaba shi, a ce yaro ma zai hau. Ka duba shi da kyau: ido a mace, kunne ba ya bin motsi, ba ya shinshinar sabon abu. Dokin da ya natsu da gaske yana kallon duniya, yana tambaya. Daga nesa kamanninsu ɗaya, kuma mai sayarwa ba zai bambance maka ba.

Ɗaya gefen shi ne dokin da ake ce wa mai taurin kai alhali ciwo ke cinsa. Likitar dawaki Sue Dyson ta Birtaniya ta tsara alamu 24 da ake dubawa a dokin da ake hawa, irin su kwantar da kunne baya na tsawon lokaci, kaɗa wutsiya ba ƙaƙƙautawa, buɗe baki, da tuntuɓe. In aka ga takwas ko fiye, akwai yiwuwar ciwo a jiki. Sirdin da ke matse kafaɗa, haƙori mai kaifi da ke yankar kunci, gyambon ciki wanda ya yi yawa a dawakin tsere, duk suna fitowa da kamannin rashin kunya. Ba Parelli, ba Roberts, ba mai ƙyas da loma da zai gyara wannan.

Ga mai doki ɗaya ko biyu

Dawakin duniya sun kusa miliyan 60, kuma kaɗan ne a cikinsu za su taɓa ganin filin gasa. Yawanci na aiki ne da na hawan yau da kullum, masu su kuma ba su da halin gwada malamai goma. A ƙasashe da dama ba a buƙatar wata takarda kafin mutum ya kira kansa mai horo, takardun da ke yawo kuma sau da yawa kamfanin gwanin ne ke sayar da su. Ƙungiyar masana kimiyyar hawan doki, ISES, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji goma da ba su jingina da sunan kowa ba. Daga ciki akwai a koyar da abu ɗaya a lokaci guda, kowace alama ta kasance da ma'ana ɗaya, kada kuma a ba da umarni biyu masu karo da juna, kamar zungura da ƙafa ana jan linzami.

In za ka ba wani dokinka, nemi ya bari ka zauna ka kalli aikinsa a ranar da ba shiri aka yi ba. Wanda ya ce horonsa sirri ne, ɗauki dokinka ka tafi. Kada ka kalli doki kawai, kalli hannun mutumin, ka ƙirga sau nawa ya saki. Ka jira lokacin da doki zai yi kuskure, ka ga ko zai koma baya ya sauƙaƙa darasin ko ƙara ƙarfi zai yi. Duba sauran dawakin bargar in ya tunkaro, su leƙo kai ko su juya masa baya. Tambaye shi yaushe ya taɓa mai da doki ya ce a fara kai shi wurin likita. Sannan ka nemi ya koya maka kai ma, kana kan dokin yana tsaye a ƙasa, don bayan wata biyu ko uku hannunka ne zai riƙe linzamin.